Yadda Gwani Kama-Nan Ya Ƙwace Wuƙa

Duk wanda ya bi ta titin masu sayar da taya, in dai yana ɗaga kai, sai ya ga allon. Yana rataye a saman bene, bisa shagon mai gyaran firji, an yi masa fenti ja da baƙi, da hoton wani mutum ya ɗaga ƙafa har ta wuce kunnensa. Fuskar ta mai wurin ce. Ƙafar kuwa mai zane ne ya taimaka masa da ita. A ƙarƙashin hoton an rubuta da manyan baƙaƙe: Cibiyar Kare Kai ta Babban Gwani, Mai Baƙar Ɗamara, Uban Dabara, Wanda Ba a Taɓa Kayarwa Ba. Kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ba a taɓa kayar da shi ba, domin tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin faɗa da kowa ba.

Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ƙirji da murya. In ya tsaya, sai ya buɗe ƙafafu, ya sa hannu biyu a baya, ya dubi nesa, ko da kuwa bango ne a gabansa. In ya yi magana, mai gyaran firji yana ji daga ƙasa ba tare da ya kashe injin ba. Game da baƙar ɗamarar da yake ɗaurawa, ya sha faɗa wa ɗalibai cewa wani dattijo ne ya ɗaura masa ita a wata ƙasa can bayan teku, dattijon da ba a ambaton sunansa saboda girmamawa. Ƙanin matarsa, wanda tela ne, yana da ragowar yadin a shagonsa, amma bai taɓa ɗaga maganar ba.

'Yan unguwa, da yake ba su san darajar ilimi ba, ba sa ce masa Babban Gwani. Kama-Nan suke ce masa. Dalili kuwa, ba ya daɗewa yana gaisawa da mutum sai ya miƙa wuyan hannunsa na dama ya ce, "Kama nan." Ya yi wa direban tasi, ya yi wa mai kawo wasiƙu, ya yi wa likitan haƙori a daidai lokacin da likitan yake neman ya buɗe baki. In ka kama da hannun dama, a hankali, ka tsaya cak, sai ya murɗe ya zame ya dube ka da murmushin wanda ya yafe maka rai. In kuwa ka yi kuskure ka kama da hagu, ko ka ja shi, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Ba haka ake kai hari ba. Sake."

Cibiyar ɗaki ɗaya ce doguwa. An shimfiɗa katifun soso an lulluɓe su da shuɗiyar leda, akwai fanka mai kuka a sama, da madubi mai tsaga a bango, wanda Gwani yake tsayawa a ɓangarensa mai lafiya. A kan kanta an jera kofunan yabo masu walƙiya. Ba a rubuta gasar da aka ci su ba, amma a gindin ɗaya har yanzu akwai takardar shagon da aka sayo shi. Ɗalibansa ma'aikatan ofis ne da 'yan kasuwa, da wata ma'aikaciyar banki da aka taɓa fizge wa jaka a tashar mota, ta zo neman yadda ba za a sake ba.

Kafin a motsa ko da yatsa, sai an zauna an saurari jawabi, domin Gwani ya yi imani jiki ba ya ɗaukar ilimi sai kunne ya jiƙa.

"A waje za ku ji jahilai suna ba ku shawara," yakan ce, yana kai da komo a gaban madubi. "Su ce ku riƙa duba gaba da baya. Ku guji lungu. Ku cire abin sauraren kiɗa daga kunne. In mutum ya zaro makami, ku ba shi abin da ya nema, ku yi ihu, ku gudu inda jama'a suke. Haba! Wannan ai shawarar kaka ce. Wa zai hawo bene ya cire takalmi don a koya masa gudu? Akuya ma ta iya gudu, kuma ba ta taɓa zuwa makaranta ba. A nan gidan ba ma waiwaye, ba ma miƙa kaya, ba ma gudu. A nan ilimi muke yi."

Wata rana ma'aikaciyar bankin ta ɗaga hannu ta ce, "Gwani, wanda ya fizge mini jaka ta baya ya zo. In ya sake zuwa ta baya fa?"

Gwani ya lumshe ido, ya yi haƙuri da ita kamar yadda ya saba yi wa masu ƙarancin sani. "'Yar'uwa, mai zuwa ta baya matsoraci ne. Mu ba ma ɓata lokacinmu a kan matsorata."

Ta sauke hannunta. Daga ranar ta koma bin hanya mai jama'a tana rataya jakar ta gaba, amma ba ta faɗa masa ba don kada ransa ya ɓaci.

Babbar dabarar gidan, wadda Gwani ya raɗa wa suna Kamun Aradu, ita ce ƙwace wuƙa. Don ita aka sassaƙa wuƙar katako aka shafa mata fentin azurfa, don ita kuma aka ajiye mahari na musamman, wato ƙanin matar nan tasa, tela. Mutum ne magidanci mai iyali, marar hayaniya, wanda yayarsa ta roƙa tun farko ya rufa wa mijinta asiri har cibiyar ta kafu. Cibiyar ta ƙi kafuwa, shi kuma ya ƙi samun bakin cewa ya gaji. Yakan rufe shago da yamma ya hawo bene, ya cire tef ɗin awo daga wuya, ya zama ɗan fashi.

Tsarin ba ya canzawa. Tela zai tsaya a gaba, ba a gefe ba. Ƙafar dama gaba, wuƙa a hannun dama, hannun a miƙe sambal. Sai ya jira. Gwani zai ja numfashi, ya kwarara ihu, ya cafke wuyan hannun, ya murɗa, wuƙa ta dawo hannunsa, tela ya zube a katifa. Shekara da shekaru ana haka har tela ya ƙware. Ya iya faɗuwa ta gefe, ya iya ta baya, ya iya mai ƙara don baƙi. Har ta kai wani lokaci ihun kawai yake ji ya zube, Gwani bai ƙaraso ba tukuna. Gwani ya bayyana wa ɗalibai cewa wannan shi ake kira ƙarfin ciki, kuma sai an kai matsayinsa ake samu.

Amma ba murɗar ba ce ta fi muhimmanci a wurinsa, abin da ke biyo bayanta ne. Da zarar wuƙa ta zo hannunka, dole ka juya ta, ka riƙe ta da hannu biyu, ƙota tana fuskantar abokin karawarka, ka rusuna, ka miƙa masa ka ce, "Sake." Sannan ɗalibai su tafa, a koma farko. A nan Gwani ba ya wasa. Ɗalibin da ya manta ya yar da wuƙar a ƙasa, ko ya ja baya da ita, sai ya sha faɗa ya maimaita miƙawar har gwiwarsa ta yi tsami.

"Kowane gardi yana iya murɗe hannu," yakan ce. "Ladabi ne ya raba mu da 'yan daba. Sai kun yi ta har jikinku ya riƙa yi ba tare da ya tambaye ku ba."

A gida matarsa ba ta cewa komai game da ilimin, sai dai game da bayan ƙaninta, wanda yanzu warin man zafi yake riga shi shiga ɗaki. "Baban yara, ka sassauta masa mana," ta ce wata rana. "Jiya a tsaye ya ɗinka riga, ya kasa zama a kan keken ɗinki." Gwani ya ce ciwon baya alamar ci gaba ce, shi ma ya yi fama da shi a bayan teku.

Gaskiyar magana, ɗalibai suna raguwa. Takalman da ake jerawa a bakin ƙofa da can har matakala suke kaiwa, yanzu tabarmar goge ƙafa ta ishe su. Gwani bai damu ba, domin idonsa yana kan abin da ya fi wannan. A babban titi akwai dogon ginin gilashi cike da ofisoshi, kuma ɓarayi sun addabi filin ajiye motocinsa. Manajan ginin yana tsakanin abu biyu: ko ya sa kyamarori da ƙofar ƙarfe, ko ya ɗauki mai horar da masu gadi. Gwani ya yi ta sintiri a ofishinsa har manajan ya gaji ya sa masa rana ya zo ya nuna abin da ya iya, in ya gamsu, aikin nasa ne.

Wannan aikin shi ne duk abin da Gwani yake so a duniya, ba kuma don albashi kaɗai ba. Yana son ofis mai sanyi da sunansa a ƙofa. Yana son ya shigo da safe masu gadi su ƙame su sara masa. Yana son ya wuce ta titin masu taya a cikin kaki, ya ga ko akwai mai bakin sake ce masa Kama-Nan. Tun kafin ranar ya sa tela ya ɗinka kakin, da igiyoyi a kafaɗa, ya kuma sanar da mai gyaran firji cewa ba da daɗewa ba zai bar masa benen ya zuba tsofaffin firji. Da aka ambaci kyamara a gabansa, sai ya yi dariya ta hanci ya ce, "Kyamara kallo take yi. Ni kamawa nake yi."

Ranar da aka sa, aka loda katifu a motar haya aka shimfiɗa su a tsakiyar filin, tsakanin layin motoci da hanyar fita. Gwani ya sha farin kaya an goge su har suna ƙara, baƙar ɗamara a ƙugu. Sauran ɗalibai suka jeru. Tela ya tsaya can baya a kan siminti, riƙe da wuƙar katako da kuma ƙugunsa, yana jiran a kira shi. Manaja ya sauko da jakar kwamfutarsa a kafaɗa, fuskarsa ta mai son a gama ya koma aiki.

Gwani ya duba ya ga masu gadi biyu sun tsaya a bakin ƙofar shiga suna leƙowa daga nesa. Ransa ya sosu. Yaya za a yi a zuba ilimi wasu suna can suna gadin ƙofa? Ya sa aka kira su, suka baro wurin suka zo suka shiga layi.

"Doka ta farko," ya ce, murya tana dukan gilashin ginin tana dawowa. "Ido a kaina. Kada wanda ya waiwaya, kada wanda ya dubi gefe. Abin da za ku gani yau ba a nuna shi sau da yawa a wajen ɗaki. Ranka ya daɗe, matso. Kama nan."

Manaja ya ajiye jakar a kan wata mota don hannunsa ya samu sarari, ya matso ya kama. Ya kama da hagu. Aka gyara masa. Ya ja. Aka sake gyara masa, tare da bayani a kan yadda hari na ƙwarai yake. Kowa ya bi doka, ido a kan Gwani, ba mai waiwaye. Saboda haka babu wanda ya ga wani siririn mutum mai hular sanyi ya shigo ta ƙofar da babu kowa, ya bi bayan motoci, ya ɗauki jakar ya rataya kamar tasa. Wata mai shara ce daga tagar bene ta hango shi ta kwarma ihu, "Ɓarawo! Ga shi nan da jakar manaja!"

Fili ya hargitse. Ɓarawon ya zabura, ya bi ta tsakanin motoci biyu, ya faɗo kan katifu. Hanyar fita tana gabansa, amma tsakaninsa da ita akwai wani ƙato cikin farin kaya ya buɗe ƙafafu.

Masu ba da labari daga baya sun yabi yadda Gwani ya tsaya ko gezau. Shi kaɗai ya san abin da ya faru a cikinsa. Zuciyarsa ta ba ƙafafunsa umarnin su yi abin nan da akuya ta iya. Ƙafafun suka ƙi motsi. Tsoro ne tsagwaronsa ya dasa shi a wurin, irin wanda bai taɓa ji ba, kuma a karon farko ya ga hikimar shawarar kaka.

Ɓarawon ya zaro wuƙa, ta gaske, mai baƙar ƙota. To, Allah ba ya barin bawansa. Cikin dukan ɓarayin garin, sai aka aiko wa Gwani da mai tarbiyya. Ya tsaya a gaba, ba a gefe ba. Ƙafar dama gaba, wuƙa a hannun dama, hannun a miƙe sambal don ya tsorata ƙaton ya ba shi hanya. Har ma ya ɗan jira.

Jikin Gwani bai tambaye shi ba. Ihu ya fito da kansa, hannu ya cafke, ƙugu ya juya. Ɓarawon ya yi ƙara ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, jaka ta zame daga kafaɗarsa, wuƙa kuma ga ta a hannun Gwani. Kamun Aradu ya yi aiki. Babu wanda ya kai Gwani mamaki a duk filin.

Masu gadi suka fara matsowa. Manaja ya buɗe baki. Daɗi ya lulluɓe Gwani har idonsa ya kawo ruwa. Ashe gaskiya yake faɗa duk shekarun nan! Ya ga ƙofar ofis da sunansa, ya ji sanyin ɗakin a wuyansa, ya ga kansa cikin kaki yana ratsa titin masu taya, mai gyaran firji ya miƙe tsaye. Yana can cikin ofis, ya bar hannayensa a fili ba mai kula da su, su kuwa suka ci gaba da darasi. Suka juya wuƙar, suka riƙe ta su biyu, ƙota gaba. Bayansa ya rusuna. Bakinsa ya buɗe cikin ladabi ya ce:

"Sake."

Ɓarawon ya dubi wuƙar, ya dubi Gwani, ya sake duban wuƙar. A duk rayuwarsa ta sana'a ba a taɓa yi masa irin wannan karamci ba. Ya sa hannu ya karɓa, ya ɗauki jakar ya gyara mata zama a kafaɗa. Masu gadin da suka matso suka ga ƙarfe ya koma hannun mai shi, suka ja baya da sauri. Ya wuce Gwani ya bi hanyar fita, da ɗan sassarfa, yana yarfa hannun da aka murɗe. Ɗalibai, da suka ji an ce "Sake", suka tafa kamar yadda aka koya musu.

Mutum ɗaya ne ya faɗi ƙasa a filin ranar. Tela, can baya, ya ji ihun ya zube a kan siminti, wuƙar katako a gefensa. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi yana cewa, "Yaya, an gama? In tashi?"

Gwani ya miƙe daga rusunawar a hankali. Ya ji duk idanun da ya nema suna kansa, ba mai waiwaye. Ya gyara ɗamara, ya share murya, ya sa hannu biyu a baya.

"Ranka ya daɗe, abin da ka gani mataki ne na farko. Da ya sake kawo harin, kamar yadda doka ta tanada, da ka ga mataki na biyu, wanda ba a tashi daga gare shi. Amma ka ga halin ɓarayin zamani. Babu tarbiyya. An ce masa ya sake, ya gudu."

Manaja ya daɗe yana kallon saman motar inda ya ajiye jakarsa, da aikinsa na wata da watanni a cikinta. Sannan ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Malam, kwashe katifunka. Masu mota suna son wurin." Kafin sati ya zagayo aka kafa kyamarori a kowace kusurwa, da ƙofar ƙarfe mai rufe kanta.

Kakin yana nan a rataye a shagon tela, cikin leda. Telan kansa yana kwance a gida, yayarsa tana kai masa abinci, ta kuma rantse ƙafarsa ba za ta sake taka benen ba. Ɗalibai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar bankin ce kaɗai ta zo sallama, jaka a rataye ta gaba, ta ce ta gode, ta koyi abubuwa da yawa.

Amma babban mutum ba ya karaya. Gwani ya kira mai zane ya sa ya hau tsani ya ƙara layi ɗaya a ƙasan allon: Wanda Ya Ƙwace Wuƙa a Hannun Ɓarawo da Rana Tsaka. Wannan ma babu ƙarya a ciki, akwai shaidu. Mai zane ya gama, ya leƙo daga saman tsani da buroshi a hannu ya ce, "Gwani, a ƙarasa labarin?"

Gwani ya ja baya ya ƙare wa allon kallo. "Allon ya cika," ya ce.

Burinsa ɗaya dai ya cika. Yanzu in ya ratsa titin masu taya, babu mai ce masa Kama-Nan, daga masu faci har mai gyaran firji. Sun daina tun ranar. Ungo suke ce masa.